Idan Ka Je Malta, Ka Rabu Da Motar Haya

Kwana biyu kun ji ni shiru, kasuwa ce ta riƙe ni, domin idan motocin albasa suka fara saukowa daga Arewa, mu yaran shago a Mile 12 ba mu da lokacin kanmu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau kuwa shi ne wani abokina da muka yi sakandare tare a Agege. Allah Ya ba shi biza, zai kai ziyara ƙasar Malta, sai ya zo yana tambayata nawa zai ware na hayar mota. Na ce masa kada ya ware ko sisi. Ya dube ni ya ce, "Haba, in je Turai in ɓige da hawa bas? Ai ka ba da mu." A ranar ba mu ƙare gardama ba, shi ya sa na ce bari in rubuta hujjojina, shi ya karanta, wani ma ya amfana.

Ni na je Malta a watan Oktoba na 2024, na yi kwana tara. Yayana ne yake aikin jinya a can, shi ya aiko mini da takardar gayyata, Baba kuma ya biya kuɗin jirgi. Babu jirgin da ke tashi daga Legas kai tsaye zuwa can, ta Istanbul na bi. Daren da zan tafi Baba ya ƙirgo mini Yuro ya ce, "Ga wannan, ka ɗauki hayar mota, kada ka je kana yawo a ƙasa kamar wanda ba shi da gata." Na ce, "To Baba, Allah Ya ƙara buɗi." Haka tunaninmu yake a gida, mota ita ce mutunci, wanda ke tsaye a bakin titi yana jiran danfo kuwa sai a ce Allah Ya rufa masa asiri. Da wannan tunani na sauka Malta, amma ban dawo da shi ba.

Bari in fara da girman ƙasar, domin a nan maganar take. Malta tsibirai ne a tsakiyar Bahar Rum, kudu da Sisili ta Italiya, arewa da Libiya. Guda uku ne ake zaune a cikinsu: Malta ita ce babba, sai Gozo, sai ɗan ƙaramin Comino a tsakaninsu. Duk ka haɗa su faɗinsu murabba'in kilomita 316 ne, babban tsibirin kuma tsawonsa kamar kilomita 27 ne kacal. Mutanen ƙasar sun ɗan haura rabin miliyan, amma motocin da ke da rajista sun haura dubu 400. To mai karatu ka auna da kanka, ƙasa ƙarama, tituna matsattsu da aka yi tun zamanin keken doki, ga motoci kusan kowa da tasa. Babu jirgin ƙasa, wanda suke da shi ya daina aiki tun 1931. Sakamakon haka shi ne gosulo safe da yamma, da wahalar wurin ajiye mota. Wanda ya baro gosulon Ikorodu Road ya biya kuɗin jirgi don ya je ya zauna cikin wani gosulon yana riƙe da sitiyari, ai bai huta ba.

Abu na biyu shi ne hannun tuƙi. Malta ta daɗe a hannun Ingila, sai 1964 ta sami 'yancin kai, kuma har yau a hannun hagu suke tuƙi, sitiyari a dama. Mu a Najeriya tun 1972 muka koma hannun dama, wato babu ɗan shekaruna da ya taɓa tuƙi irin nasu. Ni da ƙafa ma sai da abin ya ruɗa ni. Ranar farko da na fita ni kaɗai, na tsaya a ɓangaren titin da na saba, na shiga bas mai lambar da Yaya ya rubuta mini, ina zaune ina kallon gari, ashe baya muke yi. Sai da muka kai ƙarshen layi na gane. Laifina ne, ba na kowa ba. To da a ce mota nake ja na shiga shataletale da wannan kan nawa fa? Ga shi kamfanonin haya sukan ƙara wa wanda bai kai shekara 25 ba kuɗi, su kuma riƙe wani kaso a katinka na banki har sai ka dawo da motar babu ko ƙwarzane. Da Yaya ya lissafa mini duka wannan, sai na mayar da kuɗin Baba cikin jaka na zuge.

Yanzu ga yadda ake yi. Bas ɗin Malta ba kamar danfo ba ne, babu kwandasta mai ihu, babu ciniki. Kowace mota da lambarta, kowace tasha da sunanta a jikin allo. Uwar tashoshin tana ƙofar birnin Valletta, kusa da wani babban maɓuɓɓugar ruwa da ake kira Triton, kuma yawancin layuka daga nan suke tashi, nan suke dawowa. Idan ka ɓace, nemi motar da aka rubuta Valletta a goshinta, ka koma ka sake lale. Tun 1 ga Oktoba 2022 mazauna ƙasar da ke da katin Tallinja mai ɗauke da sunansu kyauta suke hawa, shi ya sa Yaya ba ya biyan komai. Baƙo kuwa yana biya. Lokacin da na je tikitin rana bai kai Yuro 3 ba, kuma yana aiki har awa biyu, kana iya sauka ka canza mota da shi. Akwai kuma katin baƙi na kwana 7, Yuro 20 da ɗoriya na saye shi a filin jirgi, na yi ta hawa ba adadi. Idan za ka kai kwana biyar kana fita kullum, wannan katin shi ne riba. Ka sa manhajar Tallinja a wayarka, tana nuna lambar da za ka hau da mintunan da suka rage ta iso. Farashi da lambobi sukan canza, saboda haka ka duba kafin ka fito.

Akwai ƙananan abubuwa da babu mai gaya maka. Idan ka hango motarka, ka ɗaga hannu, in ba haka ba direba zai ɗauka ba shi kake jira ba. Ta ƙofar gaba ake shiga. Idan ka kusa sauka ka danna ƙararrawa tun kafin a iso. Idan da kuɗi za ka biya, ka tanadi canji, kada ka miƙa wa direba takardar Yuro 50. Wajen tsallaka titi kuma dama za ka fara dubawa, ba hagu ba. Wannan ka riƙe shi da kyau, rai ɗaya ne.

To amma abin da ya fi burge ni ba bas ba ne, jirgin ruwa ne. Valletta tana kan wani tsinin ƙasa da ruwa ya kewaye ta gefe uku. Daga Sliema zuwa Valletta idan ka bi titi sai ka zagaye gaɓa cikin cunkoso, amma jirgin fito minti goma ma ba ya cika yi. Ta ɗaya gefen kuma akwai wani jirgin da ke kai mutane garuruwan da suke kira Birane Uku, wato Birgu da Bormla da Isla. Idan ka sauka a gindin ganuwar Valletta akwai lif mai tsawon mita 58 da zai ɗaga ka har lambun Barrakka, inda ake harba igwa da ƙarfe 12 na rana. Shi kansa birnin da ƙafa ake cinsa. An fara gina shi a 1566, shekara guda bayan sojojin Daular Usmaniyya sun yi wa tsibirin ƙawanya ba su ci nasara ba, kuma titunansa a miƙe suke, wasu ma matakala ce zalla. Mai mota idan ya shiga, kyamarori sun ɗauki lambarsa, kuɗi ne zai biya. Ni kuwa da takalmina na gama shi a yini ɗaya.

Haka Mdina, tsohon babban birninsu. Daga Valletta lamba 51 ko 52 ko 53 za ka hau ka sauka a Rabat, ka taka 'yan mintuna ka shiga ƙofar gari. A ciki motocin mazauna ne kawai da 'yan kaɗan masu izini, shi ya sa ake mata kirari da birnin shiru. Lungunanta sun tuna mini da cikin birnin Kano lokacin da Baba ya kai mu gaida dangi, sai dai su da farin dutse suka yi gini, mu da jar ƙasa. Ranar Lahadi kuma, a matsayina na ɗan kasuwa, ban yarda kasuwar kifi ta Marsaxlokk ta wuce ni ba. Lamba 81 ko 85 ke zuwa. Ka yi sammako, domin kafin hantsi ya ɗaga baƙi sun cika motar. A nan za ka ga kwale-kwalensu masu launi-launi da aka zana wa idanu biyu a goshi, ka kuma ga kifin lampuki idan lokacinsa ne, wato daga ƙarshen Agusta zuwa wajen Disamba.

Gozo kuwa hanya biyu ce. Ko ka hau bas zuwa Ċirkewwa a ƙarshen arewa, tafiyar da ta haura awa guda daga Valletta, ka shiga babban jirgi ya tsallaka da kai Mġarr cikin minti 25. Ba a biya a tafiya, sai za ka dawo, kuma mai ƙafa bai kai Yuro 5 ba lokacin da na je. Ko kuma ka hau jirgi mai gudu daga Valletta kai tsaye, wanda ya fara aiki a 2021, minti 45 ka isa, sai dai ya fi tsada, kuma idan teku ta tashi mai raunin ciki zai ji jiki. A nan ne na ga ribar rashin mota ƙarara. Masu motoci suna jere cikin dogon layi suna jiran a loda su, mu masu ƙafa muka wuce su muka hau. A Gozo bas suna haɗuwa a Victoria, katin nan na kwana 7 yana aiki a can ma. Daga nan na je Xagħra na ga gine-ginen Ġgantija, waɗanda aka yi fiye da shekara 5,000 da suka wuce, tun kafin dalar Masar. Duwatsun da aka jera a wurin wani ya fi tirelar albasa nauyi, kuma babu injin ɗaga kaya a zamanin.

Na san sunayen nan sun fara ɗaure wa mai karatu kai. Na rubuta su ne yadda suke a jikin allo don kada ka ɓace, amma ga sirrin karanta su. Harafin Ċ daidai yake da c ɗinmu na Hausa, Ġ shi ne j, X kuma sh ne, saboda haka Marsaxlokk "Marsashlok" ake cewa. Għ ba a cika furta shi ba. Kowa yana jin Turanci, domin shi da Maltanci ne harsunan gwamnati. Amma a cikin bas ne na gano abin da ban taɓa zato ba. Wasu tsofaffin mata biyu suna hira a bayana, sai na ji ɗaya ta ce "ħamsin", can kuma ta ce "sittin". Na waiwaya. Ashe Maltanci daga Larabci ya samo tushe, domin Larabawa sun ci tsibirin a shekarar 870, sun mulke shi fiye da shekara 200. Kwanakinsu ma ka ji: it-Tnejn, it-Tlieta, l-Erbgħa, il-Ħamis, il-Ġimgħa, is-Sibt, il-Ħadd. Bahaushe ba ya buƙatar tafinta a nan, Litinin ce zuwa Lahadi. Teku "baħar" suke cewa, Mdina kuwa madina ce. Mafi yawansu Kiristoci ne 'yan Katolika, coci a kowane ƙauye, amma Ubangiji "Alla" suke kiranSa, azuminsu na kafin Ista kuma "Randan". Da na gaya wa tsohuwar cewa mu ma hamsin da sittin muke cewa a Najeriya, dariya ta yi ta yi, har ta nuna mini inda zan sauka. A motar haya da gilashi a rufe, wa zai koya mini wannan?

Ga ɗan'uwa Musulmi, babban masallacin ƙasar yana Paola, an aza harsashinsa a 1978 da taimakon Libiya, kuma bas da yawa daga Valletta suna bi ta garin. Ranar Juma'a ka fita da wuri. Alƙibla a can gabas maso kudu take, ba gabas maso arewa kamar Legas ba, kada ka yi amfani da sabo. Abinci kuma ka riƙa tambaya. Zomo shi ne abincin alfaharinsu, amma da giya ake dafa shi. Akwai wani ɗan gashin fulawa mai arha da ake kira pastizzi, da cuku ko wake a ciki, ka tambayi irin man da aka yi shi da shi. Ni burodinsu da kifin gwangwani da tumatir da man zaitun ya riƙe ni, sai shagunan halal da ke Ħamrun da Marsa. Ruwan famfo ana sha, amma yana da ɗanɗanon gishiri-gishiri, domin ƙasar ba ta da kogi, ruwan teku suke tacewa. Soket ɗinsu kuwa mai baki uku ne irin namu, cajarka ta gida ta isa.

A hanyar dawowa daga sallar Juma'a ne wani abu ya faru da har yau yake raina. Ina waya da Baba a cikin bas, sai wani da ke tsaye kusa da ni, da kayan aiki duk siminti, ya ce, "Sannu ɗan'uwa, daga ina?" Mutumin Damagaram ne. Ya ce ta Agadas ya bi, ya ratsa hamada zuwa Libiya, ya yi aikin ƙarfi a can, sannan ya shiga kwale-kwalen roba da dare. Ya ce ba dukkan waɗanda suka shiga tare ne suka taka ƙasa ba. An tsare shi wata da watanni kafin a sake shi, yanzu leburanci yake yi a wurin gini, kuma shekarunsa da yawa bai ga mahaifiyarsa ba. Da zai sauka a Marsa ya riƙe hannuna ya ce, "Idan ka koma ka gaya wa yara, duk wanda zai zo ya zo ta sama da takarda. Ruwan nan da kuke ɗaukar hoto, kabari ne." Washegari na hau jirgin Gozo, na tsaya a baranda ina kallon ruwa shuɗi kamar an zuba baba, amma na kasa ɗaga waya. Na isar da saƙonsa yanzu. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Don kada a ce na ɓoye gaskiya, hawa bas yana da nasa wahalar. Gosulon da ke kama mai mota yana kama bas. Daga Yuni zuwa Satumba baƙi sun yi yawa, zafi ya haura digiri 30, mota takan zo a cike ta wuce ka, sai ka jira ta baya. A Gozo da ƙauyukan yamma irin su Dingli, wani layin sau ɗaya yake zuwa a awa, kuma da dare motoci suna raguwa. Maganin wannan shi ne ka tsara wuri ɗaya ko biyu a yini, kada ka yi haɗama, ka duba lokacin motar ƙarshe tun kafin ka bar tasha, ka kuma kama masauki inda layuka suka yi yawa, kamar Valletta ko Sliema ko Buġibba. Ranar da ka makara, ko kana da kaya, ko ranar komawa filin jirgi, ka kira Bolt ko Uber, suna aiki a can kamar yadda suke yi a Legas. Sau biyu kacal na kira a kwana tara. Wanda zai tafi da tsoho mai ciwon ƙafa ko ƙananan yara uku, shi ban hana shi neman mota ba, lalura ce. Amma saurayi mai lafiya irin abokina, ba lalura ke damunsa ba, hoton da zai turo gida yana jingine da mota ne ke damunsa.

A nan nake ganin mu ne ya kamata mu gyara tunani. A bas ɗin Malta na zauna kusa da ma'aikatan ofis da kwat ɗinsu, da 'yan makaranta, da limamin coci, da lebura, babu mai kallon wani. Yayana da yake karɓar albashi da Yuro, a bas yake zuwa aiki, abin da ya rage yake turo wa gida. Mu kuwa mutum zai ci bashi don ya fito a mota ranar biki. Ga Legas da Allah Ya ba ta ruwa ta ko'ina, akwai jiragen fito daga Ikorodu zuwa cikin gari, akwai BRT tun 2008, amma ni da aka haifa a nan ban taɓa shiga jirgin ruwa ba sai da na je ƙasar wasu. Da na dawo na gwada, kuma na ji kunyar kaina.

Ranar da na iso gida, bayan an yi gaisuwa an ci abinci, na ciro kuɗin hayar motar nan na miƙa wa Baba, ban da ɗan abin da na taɓa na katin bas da jiragen ruwa. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ce, "To da me ka yi yawon?" Na ce, "Da bas da jirgin ruwa da ƙafa, Baba." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ka ga garin kuwa?" Na ce na gani har lungu. Sai ya mayar mini da kuɗin ya ce in sa a jarina. Da su na sayi buhunan albasa na farko da sunana.

Abokina, ga amsarka. Ka sayi katin kwana 7, ka sayi takalmi mai daɗin tafiya, ka riƙe gorar ruwa, ka dubi dama kafin ka tsallaka. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya kai ka lafiya Ya dawo da kai lafiya. Wassalam.